Tara, Alkawari da Iya Baki: Wasan da Ke Ɓoye a Cikin Football Manager

Duk wanda ya daɗe yana buga Football Manager ya san irin wannan ranar. Ƙungiyarka tana saman teburi, dabarar da ka tsara tana ci, kuɗi na nan a asusu. Sai wani kulob ya kawo tayi a kan wani tsohon mai tsaron baya ɗan shekara 33 da ya fi wata biyu yana zaman benci. Ka ce faɗuwa ta zo daidai da zama, ka sallama shi. Bayan kwana biyu saƙo ya shigo: kyaftin yana son ganinka, kuma da mutum takwas a bayansa. Ka amsa musu da gatsali, wasa biyar na gaba ba ka ci ko ɗaya ba, shugabannin kulob suka kira ka taro. Aikin da ka kwashe makonni kana yi ya rushe a kan ɗan wasan da ko sunansa ba ka cika tunawa ba.

Da yawanmu idan haka ta faru sai mu ce gem ɗin ne ya yi mana maguɗi, mu goge, mu sake sabon lale. Alhali kuwa a irin waɗannan wasannin gem na zama koci, wasa biyu ake bugawa lokaci guda. Akwai na fili, wanda kowa ya sani: tsarin 4-3-3, sayen 'yan wasa, canji a minti na 60. Akwai kuma na ɗakin sauya kaya, inda duk kalmar da ka furta, duk tarar da ka ci wani, da duk alkawarin da ka ɗauka ake rubutawa a ajiye, su dawo maka daga baya. Wannan na biyun za mu buɗe cikinsa yau, mu ga yadda aka ƙera shi da abin da yake nema a wurinka.

Yadda 'yan wasan kwamfuta suka yi baki

A 1982 wani ɗan Ingila mai suna Kevin Toms ya fitar da gem na farko mai suna Football Manager, a kan ƙananan kwamfutocin gida irin su ZX Spectrum. A lokacin ɗan wasa suna ne kawai da lambar ƙwarewa da ta ƙarfin jiki. Ba ya fushi, ba ya neman ƙarin albashi. A 1992 wasu 'yan'uwa biyu, Paul da Oliver Collyer, suka fitar da Championship Manager, wanda daga baya kamfaninsu na Sports Interactive da ke Landan ya ci gaba da yi. Da suka raba gari da kamfanin Eidos mai rarraba musu gem ɗin, sai suka rasa sunan amma suka riƙe manhajarsu da rumbun bayanansu. A 2004 suka dawo da sunan Football Manager tare da kamfanin Sega.

Daga nan kusan kowace shekara sai an ƙara wa 'yan wasan wani abu na halin ɗan Adam. A FM12 na 2011 aka kawo zaɓin murya, ka yi magana cikin natsuwa, ko da kakkausar murya, ko da zafin rai. A FM18 na 2017 aka kawo shafin da ke nuna siyasar ɗakin sauya kaya. A FM20 na 2019 aka kawo dokar ladabtarwa da ake amincewa da ita tun farkon kaka. A FM21 na 2020 aka maye gurbin zaɓin murya da motsin jiki: nuna yatsa, zuba hannu a aljihu, dafa kafaɗa, har da jifa da gorar ruwa. A FM24 na 2023 aka ba koci damar ɗora wa ɗan wasa wani mizani, misali ya ci ƙwallo kaza kafin a yi maganar ƙarin lokacin wasa. Bayanin da ke tafe ya fi dacewa da waɗannan sigogin, daga FM18 zuwa FM24.

Lambobin da ba a nuna maka

Idan ka buɗe shafin ɗan wasa za ka ga lambobi daga 1 zuwa 20: gudu, miƙa ƙwallo, buga ta da ka, naci, da sauransu. Waɗannan na kasuwa ne, kowa na gani. A bayansu akwai wasu da gem ɗin ke ɓoyewa, su ma daga 1 zuwa 20, kuma su ne halin mutumin:

- riƙon aiki da gaskiya, wato yadda yake ɗaukar atisaye da gyara
- buri, wato yadda yake hangen babban kulob da kofuna
- amana ga kulob ɗin da yake ciki
- jure matsi a manyan wasanni
- danne fushi idan an taɓa shi
- wasa da adalci a fili
- son tada ƙura a gaban 'yan jarida

Gem ɗin ba ya ba ka lambobin, amma yana ba ka alama. A shafin kowane ɗan wasa akwai kalma ɗaya ko biyu da ke taƙaita halinsa, kuma rahoton mataimakanka da na masu farauto maka 'yan wasa yana ƙara haske. Lambobin kuma ba ƙirƙira ba ce ta zaune. Kamfanin yana da masu bincike sama da dubu a faɗin duniya da ke bibiyar kulob-kulob suna cike bayanan, har ta kai a 2008 Everton ta ƙulla yarjejeniyar amfani da rumbun wajen neman 'yan wasa na gaske.

Ga wanda ke rubuta manhaja, abin da ke faruwa idan ka latsa maɓallin tara ba tsafi ba ne. Ga misali mai sauƙi na yadda ake gina irin wannan tsari. Kwamfuta za ta jero tambayoyi. Akwai laifi a rubuce? Girman hukuncin ya yi daidai da laifin? Nawa ne riƙon aikin ɗan wasan, nawa ne danne fushinsa? Yaya tsakaninsa da koci a watannin baya? Sunan kocin ya kai nasa? Kowace amsa ta ƙara maki ko ta rage. A ƙarshe a jefa 'yar ƙuri'a ta sa'a don kada abin ya zama haddace. Idan jimillar ta haye wani mataki ya karɓi hukuncin, idan ta gaza ya yi tirjiya. Shi ya sa magana ɗaya za ta gyara wani ta ɓata wani, kuma shi ya sa dabarar da abokinka ya ce tana yi masa aiki kai ta ƙi yi maka. Mutanensa daban, naka daban.

Kai ma kocin kana da naka lambobin. Lokacin da kake ƙirƙirar kanka a farkon gem, kana zaɓar ko tsohon ɗan wasan ƙasa ne kai ko ɗan ƙwallon unguwa, da irin takardar shaidar koci da kake riƙe da ita, sannan ka raba maki a kan iya zaburarwa, iya tafiyar da mutane, da tsananin ladabtarwa. Na ƙarshen nan yana da kaifi biyu. Idan ya yi sama, 'yan wasa ba su cika zuwa ofishinka da ƙorafi ba. Idan ya yi ƙasa, ƙofarka ba za ta huta ba. Wanda kuma ya zaɓi zama ɗan ƙwallon unguwa sannan ya karɓi Real Madrid, kada ya yi mamaki idan ya daka tsawa aka yi masa kallon hadarin kaji. Sai ya ci wasanni kafin maganarsa ta yi nauyi.

Wa ke da faɗa a ji?

Shafin da aka sa wa suna Dynamics shi ne wanda sababbin shiga suka fi tsallakewa, alhali a nan labarin yake. Abu na farko da yake nuna maka dala ce ta matsayi. A ƙoli akwai jagororin ƙungiya, waɗanda ba su cika wuce mutum uku ba. Ƙasa da su masu tasiri sosai, sai masu tasiri, sai sauran jama'a. Iya ƙwallo ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke kai mutum sama. Daɗewa a kulob, shekaru, suna da halin jagoranci duk suna cikin lissafi. Don haka tsohon da ƙafarsa ta fara sanyi zai iya fin matashin da ke ci maka ƙwallo 20 a kaka faɗa a ji.

Abu na biyu rukunin abokai ne, kamar majalisun unguwa. Waɗanda suka daɗe tare, ko suke jin yare ɗaya, ko suke sa'o'in juna, sukan haɗu wuri guda. Na uku teburi ne da ke nuna gamsuwar kowa a kan lokacin wasa, atisaye, da yadda kake mu'amala da shi. A saman shafin kuma akwai ma'aunai uku: haɗin kan ƙungiya, yanayin ɗakin sauya kaya, da goyon bayan da kake da shi.

Fushi yana bin waɗannan layukan ne. Ka ɗauke shi kamar zauren WhatsApp: idan wanda bai cika magana ba ya yi ƙorafi, mutum biyu ne za su kula, amma idan shugaban zauren ya yi, kowa sai ya tofa. Ka ɓata wa jagora rai, majalisarsa ta ɗauka, daga nan ta tsallaka zuwa sauran. Masu gem ɗin daga zahiri suka kwaso wannan. A gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, Faransa ta kori Nicolas Anelka daga sansani bayan sa-in-sar da ya yi da koci Raymond Domenech a hutun rabin lokacin wasansu da Mexico. Ranar 20 ga Yuni sauran 'yan wasan, da kyaftin Patrice Evra a gaba, suka ƙi fita atisaye a garin Knysna. Faransa ta ƙare a ƙarshen rukuni da maki ɗaya. Mutum ɗaya aka hukunta, amma ɗaki guda ya tashi.

Labari mai daɗi shi ne layukan nan suna aiki ta kowane ɓangare. Idan wani yana fushi, kana iya roƙon kyaftin ko wani jagora ya je ya lallashe shi, kuma sau da yawa maganar ta mutu a nan ba tare da ka ɗauki alkawarin komai ba. Idan ka sayi baƙo, kana iya sa wani ya karɓe shi ya nuna masa gari, ka kuma tura shi koyon yare. Kana iya haɗa matasa da dattijo mai halin kirki a rukunin raino na aƙalla mutum uku, a hankali halinsa ya shafe su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai a kula, idan mai mugun hali ne ya fi tasiri a rukunin, nasa halin za su ɗauka.

Tara da dokar gida

Kafin FM20, duk laifin da aka yi kai ne za ka zauna ka yanke hukunci. Daga FM20, a farkon kaka kyaftin yakan kawo maka maganar dokar gida, wadda a allo aka rubuta Code of Conduct. A ciki ake jera laifuffuka kamar ƙin zuwa atisaye, tafiya ba izini da samun jan kati, kowanne da hukuncin karo na farko, na biyu da na uku. Ana farawa daga gargaɗi, a hau zuwa tara, har zuwa mayar da mutum cikin ƙaramar ƙungiya.

Tarar ba ta wuce albashin mako biyu, kamar yadda yake a tsarin kwantiragin ƙwallon Ingila. A Satumba 2011 Roberto Mancini ya zargi Carlos Tevez da ƙin tashi daga benci a wasan Manchester City da Bayern Munich. Kulob ɗin ya ci shi tarar albashin mako huɗu, ƙungiyar 'yan wasan Ingila ta ƙi amincewa, dole aka rage zuwa mako biyu. Ita kanta rubutacciyar dokar gida abu ne da manyan kulob ke yi. A Nuwamba 2019 takardar tarar da Frank Lampard ya kafa a Chelsea ta fito fili: fam 20,000 ga wanda ya makara atisaye, fam 500 a kan kowane minti na makara a taro, fam 1,000 idan waya ta yi ƙara ana cin abinci ko ana taro.

Amfanin dokar a gem shi ne tana cire ka daga tsakiyar rigima. Idan an hukunta mutum da abin da kowa ya amince da shi tun farko, da wuya abokansa su taso maka. Amma tana ɗaure ka kai ma. Ranar da tauraronka ya karya doka ana jibi babban wasa, gem ɗin zai ba ka damar ɗaga masa ƙafa, kuma a nan gwajin yake. Mikel Arteta ya fuskanci irin wannan a Maris 2021, lokacin da ya ajiye kyaftin ɗinsa Pierre-Emerick Aubameyang a benci a wasan hamayya da Tottenham saboda makara. Arsenal ta ci 2-1. A Disamba na shekarar ya karɓe masa kyaftin, a Fabrairu 2022 Aubameyang ya koma Barcelona. Da a ce Arsenal ta sha kashi a wancan wasan, da labarin ya iya canzawa. Haka yake a gem: koci mai cin wasanni hukuncinsa yana wucewa salin alin, wanda ke shan kashi kuwa ko gargaɗi ya yi sai an yi masa ca.

Abu uku ke sa hukunci ya zauna. Laifin ya tabbata, girman hukuncin ya dace da shi, kuma a yi wa kowa iri ɗaya. Ɗauki misalin rashin taka rawa a fili. Gem ɗin yana ba kowane ɗan wasa maki cikin 10 bayan wasa. Wanda ya samu 6.0 ka yi masa gargaɗi, yawanci zai sunkuyar da kai ya ce zai gyara. Wanda ya samu 7.0 ka zage shi don kawai an ci ku kana jin haushi, zai ce an zalunce shi, kuma lambobin suna bayansa. Haka jan kati: wanda ya kai wa abokin hamayya gwiwar hannu daban, wanda alƙalin wasa ya yi wa kuskure daban. Na biyun ɗaukaka ƙara yake buƙata.

Alkawari kaya ne

Mafi yawan rigingimun da ke kashe ƙungiya a gem ɗin nan daga alkawari suke tasowa. Ɗan wasa zai shigo ofis yana ƙorafin zaman benci, a gabanka akwai zaɓi biyar ko shida, kuma mafi sauƙi shi ne ka ce za ka riƙa sa shi. Nan take fuskarsa ta washe, kai ma ka ji ka rabu da ƙaya. Abin da ya faru a bayan fage shi ne manhajar ta buɗe sabon layi a teburin alkawura, ta rubuta abin da ka ce da ranar da wa'adin zai cika, ta fara ƙirga wasanni. Kai za ka manta, ita ba ta mantuwa.

Alkawarin yana farawa tun ranar sa hannu. Kowane kwantiragi yana tafe da matsayin lokacin wasa: tauraro, muhimmin ɗan wasa, mai farawa a kai a kai, ɗan cike gurbi, da sauransu. Idan ka yi wa mutum 16 alkawarin farawa don su yarda su sa hannu, alhali fili mutum 11 yake ɗauka, ka sayi rigima da kuɗinka. Wakilan 'yan wasa kuma sukan cusa wasu sharuɗɗan, kamar za a ƙarfafa tsakiya ko za a bar shi ya tafi idan babban kulob ya zo. Karanta su kafin ka latsa amincewa.

Sau da yawa gaskiya mai ɗaci ta fi arha. Ka ce masa wanda ke gabansa ya fi shi taka rawa a yanzu, ya dage. Mai riƙon aiki zai karɓa. Wanda bai karɓa ba zai yi fushi na ɗan lokaci, wataƙila ya nemi tafiya, amma matsalar ta tsaya a kansa. Karya alkawari kuwa yana taɓa amanar da ke tsakaninku, kuma a nan ne abokansa ke shigowa.

Magana zarar bunu

Jawabin kafin wasa, na hutun rabin lokaci da na bayan wasa su ne inda ake ganin sakamakon magana nan take. Kana gama faɗa gem ɗin zai nuna maka yadda kowa ya ɗauka: kore ga wanda ya zaburu, ja ga wanda ya karaya ko ya fusata. Babu jimla ɗaya da ke aiki kullum, don ana auna maganarka da yanayi. Kuna cin ƙaramar ƙungiya 2-0, abin tsoro shi ne sakaci, sai ka ja kunne. Babbar ƙungiya ta ci ku 1-0 kuna wasa mai kyau, ƙarfafa gwiwa ake so. Ƙaramar ƙungiya tana cin ku a gida, a nan ne faɗa ke da wuri. Bayan jawabin gaba ɗaya kana iya ware mutum ɗaya, kamar yaron da ke buga wasansa na farko jikinsa na rawa, ka ce masa ya saki jiki.

Jifa da gorar ruwa yana da daɗin latsawa, amma gishiri ne, kaɗan ake sawa. A ranar 26 ga Disamba 2008, Manchester City tana cin Hull City 4-0 a hutun rabin lokaci, koci Phil Brown ya zaunar da 'yan wasansa a cikin fili ya yi musu faɗa a gaban dubban 'yan kallo. An tashi 5-1, kuma wasa ɗaya tak Hull ta ƙara ci a gasar Firimiya har kakar ta ƙare, da ƙyar ta tsira. Ba za a ɗora wa jawabin laifin duka ba, amma har yau shi ake tunawa.

Taron 'yan jarida ma ɗakin sauya kaya ne na biyu, don 'yan wasanka suna saurare. Mutane da yawa sukan tura mataimaki saboda tambayoyin suna gundura, kuma babu laifi a ranakun da ba komai. Amma idan ana tambaya a kan ɗan wasa mai fushi, je da kanka, ka kuma bar sukar a cikin ofis. A Satumba 2023, bayan Arsenal ta ci Manchester United 3-1, Erik ten Hag ya gaya wa 'yan jarida cewa ya ajiye Jadon Sancho ne saboda rashin ƙoƙari a atisaye. Sancho ya mayar da martani a shafinsa na sada zumunta, aka ware shi daga ƙungiya, a Janairu 2024 aka ba Borussia Dortmund aronsa, ya je ya buga wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai da su. Amsar tambaya ɗaya ta jawo wa kulob asarar watanni na ɗan wasa mai tsada.

A waya fa?

Cikakken tsarin da aka bayyana a sama na kwamfuta ne. Sigar waya, Football Manager Mobile, tana ɗauke da taƙaitaccensa, kuma tun Nuwamba 2023 sai mai rajistar Netflix ke iya buga sabuwar. Masu iPhone da iPad suna da Football Manager Touch ta hanyar Apple Arcade. A ɓangaren EA, tun FIFA 20 na 2019 aka saka taron 'yan jarida, hira da 'yan wasa da ma'aunin ƙarfin gwiwa a sashen zama koci na kwamfuta da na'urorin gem, kodayake bai kai zurfin na Football Manager ba.

Wasannin da ake saukewa kyauta kuwa wata hanya suka bi, kuma ya kamata a gane ta. A Top Eleven na kamfanin Nordeus da ke Sabiya, wanda ya fara a Facebook a 2010, ƙarfin gwiwar ɗan wasa ma'auni ne da ake cikawa da shuɗin kati, kamar yadda ake cika ƙarfin jiki da kore, a warkar da rauni da ja. Katunan ana samun su ta hanyar wasa, ko kallon talla, ko saye da kuɗin cikin gem. Bambancin a fili yake. A ɗaya, fushin ɗan wasa matsala ce da za ka warware da tunani. A ɗayan, tanki ne da ke yoyo, kuma mai gem ɗin ne ke sayar da mai. Ba haramun ba ne, haka suke samun kuɗinsu, amma kafin ka ƙona data a kan talla ko ka sa katin banki, ka san abin da kake saye.

Inda tsarin ya gaza

Duk da haka Football Manager bai kai a ce ya gama ba. Hirar zaɓi ce daga jerin jimlolin da aka riga aka rubuta, kuma bayan kaka uku ka haddace su. Wani lokaci abin da kake son faɗa ba ya cikin jerin: gola na biyu zai zo yana kukan rashin wasa, kai kuma ba ka da hanyar ce masa ya duba yadda na ɗaya ke kamawa. Wani lokacin kuma tsarin yana da sauƙin yaudara. Ka riƙa yabon duk wanda ya yi ƙoƙari a atisaye kowane mako, ma'auni ya hau, ko da babu komai a zuciyarka. Kamfanin da kansa ya san da irin wannan. A 2024 shugabansa Miles Jacobson ya sanar da cewa za a cire tsawar bakin layi daga FM25, saboda umarnin ba ya fara aiki sai ƙwallo ta fita. Daga baya, a Fabrairu 2025, aka soke FM25 ɗin gaba ɗaya, FM26 ya fito a Nuwamba 2025 a kan injin Unity.

Wani zai ce me zai hana a saka ƙirƙirarriyar basira irin ta ChatGPT, mutum ya rubuta abin da ya ga dama ɗan wasa ya amsa? A ganina abu uku ne ke gaba. 'Yan wasan mutane ne na gaske masu suna da lauyoyi, kuma babu kamfanin da zai so manhajarsa ta sa wa wani sananne maganar da bai faɗa ba. Na biyu, kowace amsa kuɗi ce da intanet, alhali gem ɗin yanzu yana tafiya ko babu data. Na uku, dole a ƙarshe a mayar da maganarka lamba, a ce ta ƙara maki ko ta rage, kuma idan mai bugawa bai iya hasashen sakamakon maganarsa ba, abin ya tashi daga wasa ya koma caca. Jerin zaɓin yana gundura, amma ana iya koyonsa.

Kafin ka buga wasan farko

Idan za ka fara sabon aiki, ba da minti goma ga waɗannan kafin ka taɓa dabarar fili:

1. Buɗe shafin Dynamics ka san jagororinka uku. Kada ka sayar da biyu daga cikinsu a kasuwa ɗaya.
2. Duba matsayin lokacin wasa na kowa, ka ƙirga mutum nawa ke jiran su fara.
3. Amince da dokar gida da za ka iya aiwatarwa a kan tauraronka, ba wadda ta fi kowace tsauri ba.
4. Kafin ka sayi ɗan wasa, karanta halinsa kamar yadda kake karanta gudunsa.
5. Duk alkawarin da ka ɗauka, leƙa shafin alkawura sau ɗaya a wata ka ga kwana nawa suka rage.
6. Yabo a gaban jama'a, gyara a cikin ofis.

Dabarar fili kana iya sauke ta wani a intanet ka ɗora cikin minti biyu. Amanar 'yan wasa kuwa a cikin fayil ɗinka kaɗai take taruwa, wasa bayan wasa, kuma ita za ta riƙe ka a watan da ƙwallo ta ƙi shiga raga.